Trakai: yadda Musulmi da Karaim suka shekara 600 a wani ɗan gari na Lituwaniya

A shekarar 2021, lokacin da Lituwaniya ke kafa shingen waya a iyakarta da Belarus saboda baƙin haure sama da dubu 4 da suka tsallako, galibinsu 'yan Iraƙi, majalisar dokokin ƙasar ta riga ta ware wannan shekarar domin tunawa da tarihi da al'adun Tatar, wato Musulmin ƙasar. Ta kuma ware 2022 ga wata al'umma da ake kira Karaim. Mutane da yawa da suka ji labarin sun rikice. Wasu sun ɗauka Tatar ɗin ma baƙi ne na bayan nan. Wasu sun haɗa su da Karaim sun mai da su abu guda, tunda dukansu daga wajejen Kirimiya aka ce sun fito. To su wane ne su, me ya kai su ƙasar da ke can arewa kusa da Tekun Baltik, kuma me ya sa ɗaya ta riƙe harshenta ɗayar kuwa ta rasa nata? Amsar tana wani ɗan gari mai suna Trakai.

Garin da ruwa ya kewaye

Trakai yana kilomita 28 yamma da Vilnius, babban birnin ƙasar, tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa. Mutanensa dubu 5 ne da 'yan kai. Ko a cikin gundumar da ke ɗauke da sunansa, garin Lentvaris ya fi shi jama'a.

Abin da ya yi Trakai shi ne ruwa. Sama da shekara dubu 10 da suka wuce, ƙanƙara mai kauri ta rufe wannan yanki. Da ta narke ta ja baya, sai ta bar tuddai na tsakuwa da yashi, da kwaruruka masu zurfi waɗanda ruwa ya cika. Shi ya sa gundumar ke da tafkuna kusan 200. Garin kansa yana kan wani siririn zirin ƙasa da ya miƙe daga kudu zuwa arewa: tafkin Totoriškių a yamma, tafkin Luka a gabas, tafkin Galvė kuma ya tare shi daga arewa. Galvė yana da faɗin hekta 361, da tsibirai 21, zurfinsa ya kai kusan mita 47 a inda ya fi zurfi.

Mai son kawo wa garin hari da rani, hanya ɗaya gare shi ta ƙasa, wato ta kudu. Amma da hunturu lissafin yakan juye, domin tafkunan suna daskarewa su zama fili. Mayaƙan Jamusawa na ƙungiyar Teuton, waɗanda suka shafe ƙarni na 14 suna kai wa Lituwaniya farmaki da sunan yaƙar maguzanci, sun fi son fitowa da hunturu daidai saboda wannan dalili: fadamu da koguna sun ƙanƙare, doki yana iya bi ta kansu. Saboda haka ruwa kaɗai bai isa tsaro ba. Ana bukatar ganuwa, ana kuma bukatar mutanen da za su zauna a gindinta duk shekara.

Shin Trakai ya taɓa zama babban birni?

Littattafan 'yan yawon buɗe ido suna kiransa tsohon babban birnin ƙasa. Maganar rabinta gaskiya ce. Akwai Trakai biyu. Tsohon, wanda ake kira Senieji Trakai, yana 'yan kilomitoci kudu da na yanzu, kuma ana danganta kafa shi ga sarki Gediminas, wanda a wasiƙunsa na 1323 ne sunan Vilnius ya fara bayyana a rubuce. Daga 1345 'ya'yansa biyu suka raba aikin mulki: Algirdas ya zauna Vilnius yana kula da gabas, Kęstutis ya zauna Trakai yana fuskantar Jamusawa. Kęstutis ne ya gina fada mai ganuwa a kan zirin, ya kuma fara gina ta biyu a kan tsibiri cikin Galvė.

Ɗansa Vytautas ya kammala ta tsibirin a wajen 1409. Vytautas shi ne sarkin da ƙasar ta fi faɗi a hannunsa, daga Baltik har gaɓar Bahar Aswad, kuma ya fi son zama a Trakai, a nan yake karɓar jakadu. Amma babbar kujera da babban limamin coci suna Vilnius. Wato Trakai mazaunin sarki ne, kuma daga 1413 hedikwatar lardi. A fadar tsibirin Vytautas ya rasu ranar 27 ga Oktoba 1430, yana jiran kambin sarauta da aka aiko masa, wanda manyan Folan suka hana isowa. Bayan shekara 10 aka kashe ƙaninsa Žygimantas a fadar kan zirin, daga nan kuma tauraron garin ya fara dusashewa.

Dalilin da ya kawo baƙi daga kudu

Lituwaniya ita ce ƙasa ta ƙarshe a Turai da ta bar addinin gargajiya. Sai a 1387 ta karɓi Kiristanci. Wannan yana da muhimmanci, domin sarakunanta sun saba mulkin talakawa masu addini dabam da nasu, akasari Kiristocin Otodoks na ƙasashen da yau suke Belarus da Yukren. Abin da ke gaban Vytautas shi ne wa zai yi masa biyayya, ba wace alƙibla mutum ke fuskanta ba.

A kudu maso gabas akwai daular Tatar ta jikokin Jengis Khan, wadda ake kira Golden Horde, wadda ta rungumi Musulunci a hukumance tun zamanin Uzbek Khan a farkon ƙarni na 14. A 1395 Taimur, sarkin Samarkand, ya murƙushe sarkinta Toktamish, shi kuma ya gudo da mutanensa ya nemi mafaka wurin Vytautas. A 1397 Vytautas ya kai yaƙi kudu, kuma marubucin tarihin Folan Jan Długosz ya rubuta cewa ya dawo da Tatar masu yawa da matansu da 'ya'yansu, ya zaunar da su a bakin kogin Vokė. Wato wasu sun zo ne a matsayin 'yan gudun hijira, wasu a matsayin kamammun yaƙi, wasu kuma don neman aikin soja.

Yarjejeniyar a fili take: a ba ka gona, ka riƙe addininka, in an buga tambarin yaƙi ka fito da dokinka da makaminka. Ƙauyukansu an jera su ne a kan hanyoyin da ke shiga Trakai da Vilnius. A 1410, a yaƙin Grunwald inda Folan da Lituwaniya suka karya ƙarfin ƙungiyar Teuton, akwai rundunar Tatar ƙarƙashin Jalaluddin ɗan Toktamish. Wani matafiyi ɗan Burgundi ta yammacin Turai, Ghillebert de Lannoy, da ya ratsa Trakai a 1414, ya tarar da gari na gidajen katako cike da Tatar Musulmi masu harshensu, ga kuma Jamusawa da Rashawa da Yahudawa. Tafkin Totoriškių sunan Tatar ya ɗauka, domin a gefensa unguwarsu take.

Karaim: ba Musulmi ba ne

Nan ne aka fi yin kuskure. Karaim suna magana da wani harshe na dangin Turkanci, reshen Kifcak, ɗan'uwan harshen Tatar na Kirimiya. Suna tuɓe takalmi in za su shiga ɗakin ibadarsu, wanda suke kira kenesa, ba sa cin alade, shugabansu na ƙarni na 20 ma yana amfani da laƙabin Hajji. Duk da haka addininsu ba Musulunci ba ne. Sun yi imani da Attaura da sauran littattafan Tsohon Alkawari, amma sun ƙi Talmud, wato tarin fatawoyin malaman Yahudawa da sauran Yahudawa ke bi. Ana danganta tushen wannan tafarki ga Anan bin Dawud a Bagadaza ta ƙarni na 8, kuma manyan malamansu na ƙarni na 10 da Larabci suka yi rubutu, suna amfani da ƙiyasi da hanyoyin muhawara irin na malaman kalam. Wani ɓangare na kamannin da ake gani daga can ya samo asali.

Labarin da al'ummar ke riƙe da shi shi ne Vytautas ya kawo iyali 383 daga Kirimiya a 1397 zuwa 1398, ya sa su gadin hanyar fada. Wasu masana tarihi suna jayayya da wannan, suna nuna cewa labarin a rubuce-rubucen baya-baya ya bayyana, kuma mai yiwuwa kaɗan-kaɗan suka riƙa zuwa daga garuruwan daular Tatar a matsayin 'yan kasuwa da masu sana'a. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne takardar 1441, wadda sarki Kazimieras ya ba su 'yancin cin gashin kai irin na dokar Magdeburg, wato dokar Jamusawa da ke bai wa gari ikon gudanar da kansa. Garin Kiristoci ya samu irin wannan tun 1409. Ke nan Trakai ya zama gari biyu a kan ziri ɗaya, kowanne da hakiminsa da kotunsa da baitulmalinsa, Karaim a arewa kusa da fada, Kiristoci a kudu.

Titin Karaimų yana nan har yau. Gidajen katako ne fentin kore da rawaya, kowanne ya juya siririn gefensa ga titi da tagogi uku a jere. Masu yi wa baƙi jagora sukan ce ɗaya ta Allah ce, ɗaya ta Vytautas, ɗaya ta iyali. Labari ne mai daɗin ji, amma siffar gidan ta fi alaƙa da ƙarancin fili a kan zirin: kowane gida ya samu 'yar fuska a titi, doguwar gonar bayansa kuma ta gangara zuwa bakin ruwa. A waɗannan gonakin suke noman kokwamba da suka yi suna da ita a kasuwannin Vilnius.

Me ya sa Tatar suka rasa harshe, Karaim suka riƙe?

Zuwa ƙarni na 17 yawancin Tatar na Lituwaniya ba sa jin Tatarci. Karaim kuwa, duk da ba su taɓa kai su yawa ba, sun kawo harshensu har ƙarni na 21. Dalilan guda uku ne suka haɗu, kuma na ƙarshen ne ya fi nauyi a ganina.

Tatar sun warwatsu cikin ƙauyuka, sun fito daga kabilu dabam-dabam masu karin harshe dabam-dabam, yayin da Karaim ke cunkushe a titi ɗaya da kotunsu. Tatar na farko akasari maza ne sojoji, sun auri matan ƙasar, 'ya'ya suka tashi Musulmi amma da harshen uwa a bakinsu. Karaim ba sa aure a waje, ba sa kuma karɓar mai shiga addininsu. Sannan ibadar Tatar da Larabci ake yin ta, don haka Tatarci ba shi da gurbi a masallaci, in ya fita daga gida ya fita ke nan. Karaim kuwa sun fassara littattafansu da addu'o'insu zuwa harshensu, yaro yana jin sa a kenesa ko da kasuwa ta koya masa wani.

Abin da Tatar suka yi da suka ga harshen ya tafi, mai karatun Hausa zai gane shi nan take, domin ajami ne. Suka ɗauki baƙaƙen Larabci suka rubuta harshen Belarus da na Folan da su, suka ƙara ɗigo a wasu baƙaƙe don sautukan da Larabci ba shi da su, irin su "dz" da "ts". Littattafan iri-iri ne. Kitab ya ƙunshi hukunce-hukunce da ƙissoshin annabawa da wa'azi. Tefsir shi ne Alƙur'ani da fassara a karkace ƙarƙashin kowane layi. Hamail ƙaramin littafin addu'o'i ne na aljihu. Da hannu ake kwafarsu, ana gadonsu daga uba zuwa ɗa. Masana harshen Belarus suna darajanta su ƙwarai, saboda wasulla da ɗigon sun adana yadda talakawa ke furta kalmomi shekaru ɗaruruwa da suka wuce fiye da yadda rubutun hukuma ya yi.

Zaman bai kasance lami lafiya kullum ba

Akwai masu son mai da Trakai misalin zaman lafiya tsantsa. Tarihin bai yarda da haka ba. A 1495 sarki Aleksandras ya kori Yahudawa daga ƙasar har da Karaim, sai a 1503 aka bar su suka dawo. Bayan haɗewar Lituwaniya da Folan a 1569, da kuma zafafar kishin Katolika, gungun mutane suka rushe masallacin Trakai a 1609, ba a kuma sake gina shi ba. Aka hana Tatar auren mata Kiristoci, aka taƙaita gina masallatai. Da aka haɗa wannan da rashin biyan albashi, rundunonin Tatar suka yi tawaye a 1672 suka koma ɓangaren Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sarki Jan Sobieski ya lallaso su da afuwa da gonaki, kuma a 1683 suna cikin rundunarsa a Biyana, babban birnin Ostiriya, suna yaƙar Turkawan.

Karaim ma ba su da tsabtar hannu gaba ɗaya. Sun yi ta kai ƙara a hana Yahudawa masu bin Talmud zama a Trakai saboda gasar kasuwanci, sun kuma yi nasara a 1646 da 1835.

Garin kansa sojojin Mosko ne suka ƙone shi a 1655, fadojin biyu suka zama kufai. Annobar 1710 ta ƙarasa abin da ya rage. Daga 1795 yana ƙarƙashin Rasha.

Takaddamar asali, da abin da ta jawo a 1941

A ƙarƙashin Rasha, zama Bayahude yana da tsada: harajin ninki, tilasta shiga soja, iyakance wurin zama. Shugabannin Karaim suka dage wa hukuma cewa su dabam ne, aka yafe musu waɗannan, har a 1863 aka ba su cikakken haƙƙi daidai da sauran 'yan ƙasa. Abraham Firkovich, wanda ya tara dubban tsofaffin rubuce-rubuce don tabbatar da daɗewarsu a Kirimiya, an zarge shi da sauya kwanan wata a jikin duwatsun kaburbura. A ƙarni na 20 Seraya Shapshal, shugabansu da ke zaune a Vilnius, ya ƙara gaba: ya ce su Turkawa ne jikokin Khazar, wata tsohuwar al'ummar Turkawa da sarakunanta suka karɓi addinin Yahudawa, ya rage Ibrananci a al'amuransu, ya fito da kamanninsu da Musulmi.

A 1939 ofishin binciken asali na gwamnatin Nazi ta Jamus ya yanke cewa ba za a lissafa Karaim cikin Yahudawa ba. Ranar 30 ga Satumba 1941 aka harbe Yahudawan Trakai da garuruwan kewaye su 1,446 a dajin Varnikai, tsallaken tafki daga garin, 597 daga cikinsu yara ne, kamar yadda rahoton kwamandan Jamus Karl Jäger ya lissafa. Karaim ɗin garin suka tsira. Shi ya sa tambayar "Turkawa ne ko Yahudawa" ba muhawarar jami'a ce kawai a wurinsu ba. Karaim na Lituwaniya a yau suna ɗaukar kansu al'ummar Turkawa mai addininta, alhali masu bin wannan tafarki da suka fito daga Masar suka koma Isra'ila suna kiran kansu Yahudawa.

Jar fadar da ake gani a hotuna

Wanda ya je da kansa ya duba bango da kyau zai ga launi biyu. Ƙasa duwatsu ne masu toka-toka da tsohon tubali mai duhu, wannan na zamanin Vytautas ne. Jan tubalin da ke sama da jan rufin kusan duk na ƙarni na 20 ne. An tallafi kufan lokacin da garin ke hannun Folan, tsakanin 1920 da 1939, sannan aka shiga ginawa gadan-gadan a shekarun 1950. A 1960 Nikita Khrushchev, shugaban Tarayyar Sobiyet da ke mulkin Lituwaniya a lokacin, ya yi ƙorafin ana ɓarnatar da kuɗin jama'a wajen tayar da fadar sarakunan gargajiya, aikin ya tsaya cik bayan an kammala babban ginin aka buɗe gidan tarihi a 1962. Sai a 1987 aka gama farfajiyar gaba. A zamanin da, ruwan tafkin ya fi na yanzu tudu, har yana cika gwalalon da ke tsakanin farfajiyar da hasumiya mai tsawon sama da mita 30. Yau gwalalon a bushe yake, ana bi ta gada.

Masana gine-gine suna saɓani kan ko wannan gyara ne ko sabon gini. Ga 'yan Lituwaniya da ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet kuwa, tayar da fadar Vytautas hanya ce ta faɗin abin da ba a iya faɗa da baki.

Halin da ake ciki

Ƙidayar 2021 ta samu Karaim 192 a duk ƙasar, daga 241 a 2011, kaɗan ne cikinsu ke zaune a Trakai. Masu iya harshen sosai 'yan tsiraru ne, akasari tsofaffi, duk da makarantar koyon harshe da ake shiryawa a garin lokacin hutun bazara. Ƙa'idar rashin aure a waje, wadda ta kare harshen shekara 500, ita ce yanzu ke rage yawansu. Tatar sun kai 2,142.

Dokar addinai ta 1995 ta sa Musulmi 'yan Sunna da Karaim cikin addinai 9 na gargajiyar ƙasa. A aikace wannan yana nufin tallafin gwamnati duk shekara, da damar koyar da addini a makarantun gwamnati, da amincewa da auren da limaminsu ya ɗaura. Amma dokar ta fi amfanar tsofaffin al'ummomin fiye da ɗalibai da ma'aikata Musulmi da suka zo bayan shigar ƙasar Tarayyar Turai a 2004, waɗanda sukan tarar cewa ƙasar ba ta da masallatai inda jama'a suke.

Tattalin arzikin Trakai yau yawon buɗe ido ne. An mai da yankin gandun tarihi na ƙasa a 1991, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 82, kuma hakan yana nufin mai gida a tsohon gari ba ya sauya taga ko rufi sai da izini, yayin da masu kuɗi ke matsa lamba a ba su fili a bakin ruwa. Abincin Karaim, kibinai, ya zama na ƙasa baki ɗaya: kwaɓaɓɓiyar fulawa da man shanu, a cusa yankakken naman rago da albasa, a naɗe kamar jinjirin wata, a murɗe baki a gasa. Da wuƙa ake yanka naman, ba a niƙa shi, don ya riƙe romonsa. Musulmin da ya je sai ya tambaya kafin ya saya, domin shaguna da yawa yanzu suna yin na naman alade, abin da Karaim ɗin kansu ba sa ci.

Tsofaffin masallatai huɗu suka rage a ƙasar, babu ko ɗaya a Trakai. Uku na katako ne: na ƙauyen Keturiasdešimt Totorių a bakin Vokė, na Nemėžis da aka gina a 1909, da na Raižiai na 1889, wanda shi kaɗai aka bari yana aiki duk zamanin Sobiyet, kuma a cikinsa akwai mumbari mai ɗauke da shekarar 1686. Na huɗu na tubali ne a Kaunas, an gina shi a farkon shekarun 1930 don cikar Vytautas shekara 500 da rasuwa. Na Vilnius da ke unguwar Lukiškės hukumomin Sobiyet suka rushe shi a 1968 suka gina cibiyar bincike a wurin. Maganar filin da za a ba da a madadinsa an shafe shekaru ana yin ta tun bayan samun 'yanci a 1990, Musulmin birnin kuma suna sallar Juma'a ne a ɗakunan cibiyoyinsu.